Kyamarar Dawa Ta Raba Kan Maharban Amurka

Tun daga ran 1 ga watan Janairu na shekarar 2022 ya zama laifi a jihar Arizona ta ƙasar Amurka mutum ya ɗaura kyamara a jikin itace cikin daji da nufin ta taimake shi farauta. Hukumar kula da namun daji ta jihar ita ce ta yanke wannan shawara cikin watan Yuni 2021, kuma dukan wakilanta biyar bakinsu ya zo ɗaya. Dokar ba ta hana makiyayi sa kyamara don lura da shanunsa ba, ba ta kuma hana mai sha'awar hoton dabbobi ba, maharbi kaɗai ta nufa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, waɗanda suka fi matsa wa hukuma lamba ta yi dokar maharba ne, waɗanda suka fi yin tir da ita kuma su ma maharban ne.

Domin mai karatu ya gane tushen wannan gardama, sai a fara da bayanin na'urar kanta. Wani ɗan akwati ne wanda girmansa bai fi tafin hannu biyu ba, ana shafa masa launin bawon itace, a ɗaure shi da maɗauri daidai ƙugun mutum, a fuskantar da shi wajen turbar da namun daji ke bi. A gabansa akwai wani ido mai jin ɗumin jiki. Da zarar wani abu mai jini ya gilma, sai idon ya ta da kyamarar, ta ɗauki hoto kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, ta rubuta rana da sa'a a ƙasan hoton, har da zafi ko sanyin wurin. Maharbi yana gida yana barci, ita kuwa tana nan tana gadi dare da rana, ruwa da iska.

Lauyan Da Ya Ajiye Bindiga

Ba jiya aka fara ba. Mutumin da ake jingina wa asalin wannan dabara shi ne George Shiras na Uku, wani lauya daga jihar Pennsylvania, wanda aka haifa a 1859 ya rasu a 1942, ya kuma taɓa zama wakili a Majalisar Wakilan Amurka daga 1903 zuwa 1905. Tun yana yaro yake zuwa farauta a bakin tabkin Whitefish, kusa da garin Marquette a arewacin jihar Mishigan. A can ne ya koyi wata dabara ta mutanen Ojibwa, 'yan asalin ƙasar, watau a kunna wuta a goshin kwalekwale da dare, a yi ta tuƙi a hankali, in barewa ta zo shan ruwa sai hasken ya ɗauke mata hankali ta tsaya cik, idanunta na ƙyalli, har a harbe ta. Wajen shekarar 1889 sai Shiras ya fara ajiye bindiga yana ɗaukar kyamara. Ya riƙe dabarar kwalekwalen, amma maimakon harsashi sai ya riƙa kunna garin maganiziyam, wanda ke tashi da ƙara da haske kamar walƙiya.

Daga nan ya ƙara gaba. Ya shiga ɗana kyamara kamar yadda ake ɗana tarko: a ja zare a gicciye turba, ko a ɗaura shi a jikin abinci, dabbar da ta taɓa zaren ita za ta ɗauki hoton kanta. Hotunansa sun ci lambar zinariya a babban bikin baje koli na birnin Faris a 1900. Cikin watan Yuli 1906 mujallar National Geographic ta buga guda 74 daga cikinsu a fitowa ɗaya, abin da ya sa biyu daga cikin manyan ƙungiyar da ke buga mujallar suka yi murabus, wai an mai da mujallar ilmi littafin hotuna. Masu karatu kuwa wawarta suka yi.

A zamanin nan barewar Amurka mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, domin masana sun ƙiyasta cewa wajen 1900 ba ta wuce 500,000 ba a ƙasar duka, saboda farautar kasuwa da saran daji. Dokoki ne suka farfaɗo da ita, musamman dokar 1937 wadda ta ware kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta ta wajen miliyan 30, kuma ƙidayar da Gwamnatin Tarayyar Amurka ta yi a 2022 ta nuna mutum miliyan 14.4 ne suka yi farauta a shekarar. Yawancinsu sai sun yanki lasin, akwai lokacin buɗe farauta da na rufewa, akwai kuma iyakar abin da mutum zai kashe. Wannan taro na masu lasin shi ne kasuwar da kyamarar dawa ta samu.

Daga Zare Zuwa Fim

Kusan shekara tamanin dabarar Shiras ta zauna a hannun masana da masu ɗaukar hoto. Talakan maharbi bai shiga ciki ba sai tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da wani injiniya mai farauta da baka a jihar Minnesota ya fito da wani abu da ya kira Trail Timer. Wannan ko kyamara ba ce ba. Agogo ne cikin ɗan akwati, da zare da ake ja a gicciye turba, dabba na tsinka zaren agogo ya tsaya. Maharbi in ya zo da safe sai ya ga ƙarfe nawa aka wuce. Amma wa ya wuce? Ko barewa ce, ko karen maƙwabci, ko reshe ne ya faɗo, agogo ba ya faɗi. Kuma sau ɗaya tak yake aiki, sai an sake ɗana shi. Duk da haka maharba suka saya, domin a wurinsu sanin lokaci rabin farauta ne.

Ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 aka fara haɗa idon nan mai jin ɗumi da ƙaramar kyamara mai fim, kamfanoni irin su Cuddeback da TrailMaster da CamTrakker suka fito da nasu. Tsofaffin maharba har yau suna ba da labarin wannan zamani da dariya, ko da yake a lokacin ba abin dariya ba ne. Kyamara ɗaya takan ci dala ɗaruruwa. Fim ɗin da ake sa mata hoto 24 yake ɗauka, in ya yi yawa 36. Mutum ya ɗana ta ran Lahadi, ya yi mako yana ƙirga kwanaki, ya koma ya tarar fim ya cika, ya kama hanyar gari a guje zuwa shagon wanke hoto, ya biya, ya tsaya sa'a guda yana kai da kawowa. In aka miƙo masa ambulan ya buɗe, sai ya ga hoton reshe ɗaya sau 24, domin rana ta gasa ganye iska ta kaɗa shi, ido ya ɗauka dabba ce. Wani kuma kurege ne ya cinye masa fim, wani shanun mai gona, wani kuwa wutsiyar barewa kaɗai zai gani a gefen hoto, saboda kafin kyamarar ta farka mai wutsiyar ta yi gaba. Batir ya mutu cikin sanyi, tururuwa ta yi gida a cikin akwati, dabbar nan beyar ta ji ƙanshin hannun mutum ta tauna na'urar ta yar.

Wahala ce ta koya musu ƙa'idodin da ake bi har gobe. Ba a fuskantar da kyamara gabas ko yamma, sai arewa, don kada fitowar rana ko faɗuwarta ta ruɗe ta. Ana share ciyawa da rassan da ke gabanta. Ba a sa ta ta dubi turba a gicciye, sai a karkace, yadda dabba za ta daɗe a gaban ido. Sa'an nan ga ɓarayi, waɗanda su ne suka fi beyar ɓarna. Saboda su aka ƙago akwatin ƙarfe da igiyar waya mai kwaɗo, wasu maharban ma sukan hau tsani su ɗaura kyamarar can sama tana kallon ƙasa, har da masu ɗana ta biyu a ɓoye don ta ɗauki hoton wanda zai saci ta farko.

Amma in hoto ɗaya ya yi kyau, an manta da sauran. Mutum ya shekara ashirin yana farauta a gonar kakansa, yana rantsuwa babu wani babban namijin barewa a wurin, sai ga hoto ya nuna masa ƙato mai ƙaho kamar rassan itace, tsaye ƙarfe biyu na dare, taku kaɗan daga inda yake zaman kwanto. Gani ya kori ji.

Abin Da Hotuna Suka Koyar

Farkon shekarun 2000 kyamarar da ba ta bukatar fim ta shigo, hoto ya koma cikin ɗan kati mai ɗaukar dubbai, farashi kuma ya yi ta sauka. Aka maye gurbin farar walƙiya, wadda maharba ke zargi tana firgita dabba, da wani haske wanda idon mutum ba ya gani. Wanda da yake da kyamara ɗaya sai ya zama yana da goma. A nan ne ilmin ya fara taruwa, kuma yawancinsa ya saɓa wa abin da ake faɗi a bakin wuta.

An tabbatar cewa tsohon namijin barewa dare ne lokacin yawonsa, ba ya sakin jiki da rana sai lokacin barbara, wanda a jihohin arewa yake kamawa cikin watan Nuwamba. An ga cewa mazan kan yi garke tare da bazara, amma da kaka ta kama sai su watse, wani ya yi ƙaura zuwa wani daji dabam, shi ya sa maharbi zai kwashe watanni yana kallon hoton dabba, ranar buɗe farauta ta ɓace kamar ƙasa ta haɗiye ta. An kuma gane amfanin wuraren da namiji ke tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe ya bar warinsa, domin kusan duk mazan yankin sukan ziyarci wurin, akasari da dare, don haka babu inda ya fi shi dacewa da kyamara. Darasi mafi ɗaci kuwa shi ne na ƙafar maharbin kansa. Ɗoki yakan sa mutum ya riƙa zuwa duba kati kowane kwana biyu, yana barin warinsa a turba, har dabbar da yake nema ta gane ta sauya hanya. Da yawa sun kori abin farautarsu da kyamarar da suka saya don ta kawo musu shi.

Barewar Amurka tana da wata halitta da ta taimaka. Namiji kaɗai ke da ƙaho, yana zubar da shi kowace shekara cikin hunturu ya tsiro sabo, kuma ba a cika samun biyu masu rassa iri ɗaya ba. Saboda haka ana iya gane kowane namiji da kansa. A 1997 masana, cikinsu har da Harry Jacobson na Jami'ar Jihar Mississippi, suka buga wata hanyar ƙidaya da ta dogara a kan haka: kyamara ɗaya a kowace eka 100, a zuba masara a gabanta, a bar ta wajen mako biyu, sa'an nan a ƙirga mazan da aka gane, a yi lissafin mata da 'ya'ya daga yawan hotunansu. Masu gonaki da ƙungiyoyin maharba suka rungumi hanyar. Sai dai zuba masarar ya jawo nasa rikicin, domin tara dabbobi a wuri ɗaya yana yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai rame barewa har ta mutu, wadda aka fara gani a jihar Colorado a 1967, kuma jihohi da dama sun hana zuba abinci a yankunan da cutar ta ɓulla.

Sanin dabba ɗaya-ɗaya ya sauya halin maharba ta wata fuska da ba a zata ba. Suka fara raɗa wa mazan suna, suna ajiye hotunansu shekara da shekaru kamar na 'ya'ya. Wanda ya san akwai ɗan shekara biyar a dajinsa ba zai yi gaggawar harbin ɗan shekara ɗaya ba. Alƙaluman ƙungiyar kula da barewa ta ƙasar sun nuna cewa a 1989 kashi 62 cikin ɗari na mazan da aka harbe 'yan shekara ɗaya da rabi ne, amma a shekarun 2020 adadin ya sauko ƙasa da kashi 30. Ba kyamara kaɗai ta yi wannan aiki ba, akwai dokoki da wa'azin ƙungiyoyi, amma da wuya a ce ba ta da hannu.

Sa'ad Da Waya Ta Shiga Daji

Matakin da ya ɓata ruwa shi ne na kyamara mai layin waya. Wannan ba a zuwa duba ta, ita ke aiko hoto cikin wayar hannun mai ita, 'yan mintoci bayan an ɗauka. Da farko tsada ta hana ta yaɗuwa, amma wajen 2020 kamfanoni irin su Spypoint da Tactacam suka fito da masu araha, wajen dala 100, sai kuɗin wata-wata. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi, wato ta kawar da matsalar warin ƙafa, tunda mutum zai iya wata uku bai taka wurin ba. To, amma kuma ga mutum zaune a ofis, waya ta yi ƙara, ya ga dabbar da yake nema tana tsaye a wuri kaza yanzun nan, ya ɗauki bindiga ya nufi can. Shin wannan farauta ce?

Maharban Amurka suna da wata aƙida da suke alfahari da ita, cewa dole a bar wa dabba hanyar tsira, in ba haka ba abin ya zama yanka. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa, ita ce mai riƙe da littafin manyan ƙahonin da aka taɓa samu, kuma ta ce ba za ta rubuta dabbar da kyamara mai aiko hoto nan take ta jagoranci maharbi zuwa gare ta ba. Shiras kansa ɗan wannan ƙungiya ne.

A Arizona kuwa abin ya wuce maganar waya, ya zama maganar ruwa. Ƙasa ce ta hamada, kuma hukuma ta gina mashaya wajen 3,000 don namun daji. A dajin gabashin Amurka, inda rafi yake ko'ina, dabba tana da zaɓi. A hamada ba ta da shi, ko ta zo mashaya ko ta mutu. Saboda haka duk mai son sanin abin da ke cikin daji sai ya ɗaura kyamara a bakin ruwa, har aka riƙa samun kyamarori gommai a mashaya ɗaya, musamman a yankin da ke arewa da babban kwazazzabon nan Grand Canyon, inda ake samun barewa masu manyan ƙahoni. Masu kyamarorin kuma suna ta zirga-zirga da motoci cikin tsananin zafi, suna hana dabba sha. Makiyaya suka koka, maharba suka shiga faɗa da juna a kan wa ya riga wa, ana fasa wa juna na'ura.

Kuɗi ne ya hura wutar. Takardar izinin harbin irin wannan barewa ƙuri'a ake yi kafin a samu, mutum yakan shekara goma ko ashirin yana jira. A da kuma akan yi gwanjon kaɗan daga cikinsu, a wani gwanjo da aka yi a birnin Salt Lake cikin Fabrairu 2023 an sayi takarda ɗaya ta Arizona dala 725,000. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ba zai shiga daji da ƙafa yana neman sawu ba, ƙwararrun 'yan jagora zai ɗauka, masu kyamarori bila adadin, waɗanda suka san kowace dabba da mashayarta tun kafin ya sauka daga jirgi. Talakan da ya jira shekara ashirin da su zai yi takara.

Masu adawa da dokar ba su rasa abin faɗi ba. Sun ce babu shaidar cewa kyamara ta rage yawan dabbobi, tunda hukuma ce ke ƙayyade adadin da za a harbe. Sun ce ita ce gatan tsoho da mai ciwon ƙafa da ma'aikacin da ba shi da hutu sai Asabar, ita ce kuma ke jawo hankalin yara zuwa daji. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta amsa batun mashaya ba, wanda shi ne zuciyar ƙarar. Jihar Nevada tun 2018 ta hana kyamara a filayen gwamnati daga 1 ga Agusta zuwa ƙarshen shekara. Utah ta bi sawu a 2022, daga baya majalisar jihar ta sassauta wa masu filayen kansu. Kansas ta hana a filayen da hukuma ke kula da su a 2023. A yawancin jihohin gabas, inda farauta a gonakin mutane ake yi, ba wanda ya taɓa ta.

A jihar Tennessee ma reshe ne ya juye da mujiya. Wasu masu gonaki biyu suka tarar jami'an namun daji sun shiga filayensu ba da izini ba sun ɗana kyamarori, wannan karon don gadin maharba. Suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024.

Damisar Kan Iyaka

A wannan jiha ta Arizona dai kyamarar maharbi ta yi aikin da masana ke gode mata har yau. Cikin Agusta 1996 wani maharbi mai suna Jack Childs yana bin sawu da karnukansa a duwatsun Baboquivari, sai karnukan suka kora wata dabba kan itace. Da ya duba sai ya ga jaguwa ce, watau damisar nahiyar Amurka, wadda aka ɗauka ta ƙare a ƙasar tuntuni. Bai harba ba, hotonta ya ɗauka ya janye karnuka. Daga 2001 ya shiga ɗana kyamarori a duwatsun kan iyakar Meziko, ga shi kuwa ya san inda irin wannan dabba za ta bi fiye da duk wani mai digiri. Kyamarorin suka yi ta ɗaukar wani namiji da aka raɗa wa Macho B, da aka gwada zanen jikinsa sai aka ga ashe shi ne wanda karnuka suka kora a 1996. Ya rayu a yankin har 2009, lokacin da aka kama shi da tarko aka ɗaura masa na'urar bin sawu, jikinsa ya rikice, likitoci suka kashe shi cikin watan Maris. Wani namijin kuma, El Jefe, wanda shi ma karnukan maharbi suka fara tayarwa a 2011, ya ɓace daga kyamarorin Arizona a 2015, sai a 2021 wata kyamara ta ɗauke shi a jihar Sonora ta Meziko, zanen jikinsa ya ba da shi.

A nan Nijeriya kyamarar dawa ba ta zama kayan maharbi ba. Maharbin ƙasar Hausa har yanzu da sawu da kashi da karyayyen kara yake karatun daji, kamar yadda ya gada. Masu gadin namun daji ne ke riƙe da ita. Cikin Yuli 2020 ƙungiyar WCS ta fito da hotunan da kyamarorinta suka ɗauka a duwatsun Mbe na jihar Kuros Riba, inda aka ga garken birin gorila da jarirai da dama a bayan iyayensu. Irin wannan gorila bai wuce 300 ba a duniya, duka a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma saboda daɗewar farauta yana gudun mutum ƙwarai, har masana kan shekara suna bincike ba su sa shi a ido ba, sai dai sheƙar kwanansa. Masu gadin da ke hawa dutsen suna ɗana kyamarorin 'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi ne. Kafin wannan, a 2012, wata kyamara a gandun Kagwene na Kamaru ta ɗauki majigin gorila takwas suna wucewa ta gabanta, ɗaya daga cikinsu ba shi da hannu guda, abin da masu binciken suka danganta da tarkon waya.